AMSAR WASIƘUN MASU SAURARE: Na Kwance Babur Na Mayar, Ya Ƙi Tashi

A wannan mako mun haɗa wasiƙu guda huɗu ne waɗanda suka zo mana a kan magana ɗaya, wato babur da ya ƙi tashi, ko yake tashi yana mutuwa, bayan an yi masa aiki a gida. Kamar yadda muka saba, mun buga amsoshin da aka karanta a rediyo, domin wanda bai samu ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya yanke shafin ya ajiye tare da sifanunsa.

TAMBAYA TA FARKO

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani manomi a wajen Bakori, cikin Jihar Katsina. Ya ce bayan kaka da ya sayar da masara, sai ya ga babur ɗinsa ya fara hayaƙi kuma ba ya da ƙarfin hawa tudu, saboda haka ya kwance shi da kansa a zaure. Ya canza fistin da ringi, ya shafa wa ƙashin babur ɗin sabon fenti, ya mayar da komai. Yau kwana goma ke nan yana buga kiki har gumi na zuba, amma ko tari injin bai yi ba. Ya sayi sabon fulogi, ya sayi koyil, ya sayi akwatin CDI, duk shiru. Ya ce kuɗin da ya ware na taki ne yake ta gutsura. Yana tambaya, me ya rage ya saya?

AMSA

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma amsarmu a taƙaice ita ce, kada ka ƙara sayen komai tukuna. Ga dalili. Ranar da ka tura babur ɗin nan cikin zaure, yana tashi. Yana hayaƙi, ba shi da ƙarfi, amma dai yana tashi. Ke nan a wannan rana koyil ɗinka da CDI ɗinka duk lafiyarsu ƙalau, kuma ba safai irin waɗannan kaya kan mutu suna ajiye a kan tabarma ba. Abin da ya canza tsakanin wancan lokaci da yau shi ne abin da hannunka ya taɓa. To a can za ka fara nema, ba a shagon mai sayar da kayan babur ba.

Inji yana tsaye ne a kan abubuwa uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Na ɗaya mai, wato fetur gauraye da iska. Na biyu matsi, wato fistin ya danne wannan gauraye sosai ba tare da ya sulale ba. Na uku wuta, kuma ta zo a daidai lokacinta. In ɗaya ya kauce, tukunya ta kife. Aikinka na farko shi ne ka gano wane dutse ne ya kauce, domin sau da yawa akan ɗora wa wuta laifin da ba nata ba.

YADDA WUTAR KE TAFIYA

Kafin ka bi sawun wuta sai ka san hanyarta. A gefen inji, galibi ta hagu, akwai wani ƙarfe mai kama da ƙwarya, an manna masa maganaɗisu a ciki, yana juyawa tare da karanshaf. Shi ne ƙwaryar magneto. Idan ya juya, sai naɗaɗɗun wayoyin tagulla da ke ƙarƙashinsa su haifar da lantarki. Wannan lantarki yakan tafi cikin akwatin CDI, inda ake tara shi kamar yadda ake tara ruwa a randa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin koyil dab da ƙwaryar, wanda za mu kira koyil ɗin sanarwa. A jikin ƙwaryar akwai ɗan tudun ƙarfe, duk lokacin da tudun ya gifta ta gabansa sai ya sanar da CDI cewa lokaci ya yi. Nan take CDI ya juye abin da ya tara cikin babban koyil, shi kuma ya ɗaga ƙarfinsa ya haura bolt 10,000, ya tura ta cikin waya mai kauri zuwa hular fulogi. Daga nan wutar ta tsallake 'yar tsagar da ke bakin fulogi, fetur ya kama.

Wannan dabara ta magneto mai ƙarfin wuta haɗe da fulogi ba sabuwa ba ce, kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ne ya fito da ita a shekarar 1902. Abin da ya canza daga baya shi ne, akwatin CDI ya maye gurbin kontak ɗin da tsofaffin babura ke amfani da shi.

Saura abu ɗaya wanda mutane da yawa ba su sani ba. Lantarki ba ya tafiya sai yana da hanyar komowa gida. Wutar da ta tsallake bakin fulogi tana komowa ne ta cikin ƙarfen inji da ƙashin babur. Wato shi kansa jikin babur ɗin waya ce. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

GWAJI NA FARKO: FULOGI

Buga kiki kamar sau biyar, sa'an nan ka kwance fulogi ka dubi bakinsa. In ka same shi a bushe ƙayau, ba ko warin fetur, to mai ne ba ya isowa. Duba famfon mai, duba tiyo ko ya lanƙwashe, kana ka sassauta 'yar kusar da ke ƙasan kafireta ka ga ko fetur zai zubo. Fetur da ya yi makonni a cikin kafireta yakan bushe ya bar danƙo, ya toshe ƙananan ƙofofin da mai ke bi. In kuwa ka same shi jiƙe sharkaf, to mai yana zuwa, ba ya kamawa ne kawai.

Yanzu sai ka goge fulogin, ka mayar da shi cikin hularsa, ka kwantar da gindinsa mai zare a jikin ƙarfen kan inji, wurin da babu fenti, nesa da ramin da ka cire shi. Buɗe makulli, ka sa wani ya buga kiki da ƙarfi. A inuwa za ka yi wannan, domin hasken rana yana ɓoye tartsatsi. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, mai kauri, kuma za ka ji tana ƙara, ƙyas, ƙyas. In ja ce ko rawaya, siririya, tana zuwa tana ɗaukewa, to ba ta isa ba. Ka sani cewa tsallake tsaga a fili ya fi sauƙi a kan tsallake ta cikin inji inda iska take a matse, don haka wuta mai rauni tana iya nuna maka kanta a waje, ta shiga ciki ta kasa.

Duba faɗin tsagar ma. Ga yawancin ƙananan baburan da ake hawa a ƙasar nan, tsakanin milimita 0.6 ne zuwa 0.8. Katin ATM kaurinsa ya kusa milimita 0.8, in ya shiga tsagar yana lilo, ta yi faɗi. Kuma sabon fulogi ba shaida ba ce, akwai jabu a kasuwa, akwai kuma wanda ya faɗi ƙasa farin tangaran ɗinsa ya tsage. Ari fulogin maƙwabcinka wanda ka ga yana aiki, ka gwada da shi.

GWAJI NA BIYU: HULA DA WAYA

In babu wuta a fulogi, sai ka ja baya taki ɗaya. Hular fulogi murɗa ta ake yi a kan waya, kamar yadda ake murɗa kusa cikin katako. Murɗe ta ka cire. Ka sami busasshen kara ko ice ka maƙale wayar a jikinsa, ka kusantar da bakinta ga ƙarfen inji kamar tazarar milimita 6, a buga kiki. In wuta ta tsallake wannan tazara, to magneto da CDI da koyil duk sun fita daga zargi, laifin na hula ne ko fulogi. Sau da yawa bakin wayar ne ya yi tsatsa ko ya yi kore. Yanke kamar rabin santimita daga bakinta, ka sake murɗa hular, shi ke nan. Wannan gyara ko kwabo ba ya ci.

GWAJI NA UKU: FENTI

Malam, a nan muka fi zargi a kan naka babur, domin ka ce ka shafa fenti. Mun faɗa a baya cewa jikin babur shi ne hanyar komowar wuta. To fenti ba ya barin lantarki ya wuce. In ka ɗaure koyil a kan sabon fenti, ko ka ɗaure wayar jiki, wato wayar nan mai zobe a baki wadda ake dannewa da noti a ƙashin babur, to ka toshe wa wuta hanyar gida. Haka nan wuraren da inji ke haɗuwa da ƙashin babur. Kwance waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, ka kankare fentin da sanfefa ko wuƙa har sai farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli, ka ɗaure tamau, sa'an nan ka shafa ɗan giris a kai don tsatsa. In kana so ka tabbatar kafin ka sha wannan wahala, ɗauki guntun waya ka haɗa ƙarfen koyil da ƙarfen inji kai tsaye, ka buga kiki. In wuta ta dawo, ka kama ɓarawonka.

GWAJI NA HUƊU: LAUNIN WAYOYI

Daga nan sai wayoyi. A baburan Honda, da yawancin na ƙasar Sin da suka bi tsarinsu, ga yadda launin yake. Koriya ita ce wayar jiki. Baƙa mai ratsin ja ita ke kawo lantarki daga magneto zuwa CDI. Shuɗiya mai ratsin rawaya ko fari ta koyil ɗin sanarwa ce. Baƙa mai ratsin rawaya ita ke fita daga CDI zuwa babban koyil. Baƙa mai ratsin fari kuwa ita ce ta kashe inji. Amma a yi hattara, ba kowane kamfani ne ya bi wannan ba. A baburan Suzuki, baƙa mai ratsin fari ita ce wayar jiki, a na Yamaha kuwa baƙa zalla. Saboda haka kada ka ɗauki launin wani babur ka yi wa wani hukunci da shi.

Bi kowace waya da yatsa daga farkonta zuwa ƙarshenta. Wuri biyu suka fi cin waya a lokacin mayar da inji: inda wayoyi ke fitowa daga murfin magneto, domin murfin yakan danne su ya yanke, da kuma ƙarƙashin tanki da wuyan babur. Ja kowane mahaɗi a hankali, wani a ido yana haɗe, amma ƙarfen cikinsa ya zame baya.

Ga wata dabara ga masu babur mai tsarin Honda wanda CDI ɗinsa ke shan wuta daga magneto. Irin wannan, idan ka rufe makulli, abin da ke faruwa shi ne ana haɗa baƙar waya mai ratsin fari da jikin babur, wuta ta zube. In wayar nan ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri, ko kan makulli ya lalace, to babur ɗinka a kashe yake ko da makulli yana buɗe. Zare wannan waya ita kaɗai daga CDI, ka gwada. In wuta ta dawo, laifin yana tsakanin wayar da makulli. Sai dai ka tuna, in injin ya tashi a haka, makulli ba zai kashe shi ba, sai ka taka birki ka sa giya ka saki kuloci a hankali.

CDI IRI BIYU NE

Wannan ya kawo mu kan CDI ɗin da ka saya. Iri biyu ne. Akwai mai shan wuta daga magneto, wanda babu ruwansa da batir. Akwai kuma mai shan wuta daga batir mai bolt 12, wanda ke bukatar batir mai rai da fiyus mai lafiya. A ido suna iya kama da juna, har bakin mahaɗinsu ya zo ɗaya, amma in ka sa wani a gurbin wani, ko dai ya ƙi ba da wuta, ko ya ƙone. In a da kana hawan babur ɗinka ba batir kuma yana tashi da kiki ɗaya, galibi naka mai shan magneto ne. Shawararmu ita ce ka mayar da tsohon CDI da tsohon koyil ɗinka, waɗanda ka san suna aiki, ka yi duk gwaje-gwajen nan da su. In ba haka ba, kana iya gyara ainihin laifin, sabon kayan da bai dace ba ya ci gaba da hana ka ganin wuta, ka rasa gane bakin zaren.

Kuma a kowane mataki, abu ɗaya za ka canza, ka gwada, sa'an nan ka matsa gaba. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko babur ya tashi bai san abin da ya warkar da shi ba. Da fatan Malam ka gamsu, kuma muna jiran labarin yadda ta kaya.

TAMBAYA TA BIYU

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce mai kai kaya kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ya ce shi nasa akwai wuta shuɗiya, akwai mai, amma da ya buga kiki sai injin ya yi harbi ta kafireta ko ta salansa, wani lokaci kuma kiki ya dawo da ƙarfi ya doke shi, har idon sawunsa ya kumbura.

AMSA

Sannu Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Da farko dai ka daina buga kikin nan, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Abin da ka bayyana alama ce ta wuta mai zuwa ba a kan lokaci ba. In ta riga lokaci, fetur yakan kama tun fistin bai gama hawa ba, sai ya tura shi baya, shi ne kiki ke dukanka. In ta makara, sai ka ji harbi ta salansa.

A babur mai CDI ba a saita lokacin wuta da sukudireba, ƙwaryar magneto ce ke riƙe da shi. Abin da ke tsayar da ƙwaryar a daidai wurinta kuwa wani ɗan mitsitsin ƙarfe ne mai siffar rabin wata, wanda ke zaune cikin wata tsaga a jikin karanshaf. Wajen mayar da ƙwarya yakan zame ya faɗi ba a lura ba. In kuma ba a ɗaure notin ƙwaryar sosai ba, yakan yanke gida biyu. Ko wanne ya faru, ƙwarya ta goce, wuta tana nan kyakkyawa amma a lokacin banza. Cire ƙwaryar ka duba. Ƙarfen nan yana daga cikin mafi arahar kayan babur, kada ka sa guntun ƙusa a madadinsa. Wajen cirewa kuma ka ari abin zare ƙwarya wurin bakanike. Dukanta da guduma yana fasa maganaɗisu, yana kuma iya lanƙwasa karanshaf. Kafin ka mayar, leƙa cikinta, domin maganaɗisu yakan tsinci ƙananan notuna da guntayen ƙarfe in an ajiye ta a ƙasa, su kuwa su yayyaga wayoyin tagulla da zarar inji ya juya. In kuma ƙwaryar ta wani babur ce ka sa, to tudun da ke jikinta yana iya kasancewa ba a wuri ɗaya yake da na taka ba.

In wannan lafiya yake, sai ka koma kan bawul. A jikin ƙwarya akwai alamu biyu, harafin T da harafin F. T yana nuna fistin ya kai ƙololuwa, F kuma wurin da wuta ke tashi. A injin da ke da sarƙar taimin, irin su Bajaj Boxer da ƙananan roba-roba, idan T ya daidaita da alamar da ke jikin murfi, dole alamar da ke kan faifan haƙoran kamshaf ita ma ta daidaita da tata. Kuskuren haƙori ɗaya yana rage ƙarfi, na biyu ko uku yana hana tashi, har fistin ya iya dukan bawul ya lanƙwasa shi. Shi kuwa Honda CG125, wanda aka ƙera tun tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashen da babur ke shan wahala, ba shi da wannan sarƙa, sanduna ne ke tura bawul ɗinsa, amma shi ma akwai ɗigo a kan haƙoran cikinsa da dole su fuskanci juna.

Har ila yau, karanshaf yana juyawa sau biyu ne kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. Ke nan T yana zuwa sau biyu, ɗaya lokacin matsi, ɗaya lokacin fitar hayaƙi. Ana saita tazarar bawul ne a T na matsi, lokacin da bawul biyun suke rufe kuma ƙarafan da ke danna su suna ɗan motsi in ka girgiza. Tazarar ƙanƙanuwa ce ainun, milimita 0.05 a yawancin roba-roba, 0.08 a irin CG125, kuma inji yana sanyi ake aunawa. In ka matse ta ƙwarai, bawul ba zai rufe ba, matsi ya gudu. Gwajinsa mai sauƙi ne: rufe makulli, cire fulogi, toshe ramin da babban yatsa, a buga kiki. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi, akwai matsi. In ka ji ɗan huci kawai, to maganar ba ta wuta ba ce.

TAMBAYA TA UKU

Wani dattijo daga wajen Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya ce nasa tsohon babur ne mai kontak, ya gāje shi, ba ya son rabuwa da shi. Ya wanke inji ya mayar, wuta ta zama 'yar kaɗan.

AMSA

Baba, ranka ya daɗe, irin naka sun yi ƙaranci amma gyaransu ya fi sauƙi, domin komai a fili yake. Kontak bakin ƙarfe biyu ne masu buɗewa da rufewa, kuma a daidai lokacin da suka rabu ne wuta ke tashi. Ɗigon mai ko giris ɗaya a tsakaninsu ya isa ya raunana wuta, kuma bayan wankin inji wannan shi ne abin zargi na farko. Goge su da lallausar sanfefa, sa'an nan ka ja farar takarda mai tsabta a tsakaninsu har sai ta fito ba datti. Idan sun buɗe iyakar buɗewarsu, tazarar ta zama milimita 0.3 zuwa 0.4. Kuma su fara rabuwa daidai lokacin da harafin F ya iso kan alama. In ka ga tartsatsi mai yawa yana tashi a bakin kontak ɗin kansa, bakin kuma ya ƙone ya yi ramuka, to kwandensa ce ta gaji, wato 'yar gwangwanin nan da ke kusa da shi. A canza su tare.

TAMBAYA TA HUƊU

Ta ƙarshe daga wata mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce a wajen Gumel. Ta ce ɗanta ne ke kai mata kaya kasuwannin ƙauye, shi ya gyara babur ɗin, yana tashi lafiya da safe, amma in ya yi tafiya ya ɗauki zafi sai ya mutu. In aka huta a gindin bishiya sai ya sake tashi. Sau biyu ke nan kasuwa tana watsewa kafin kayanta su isa.

AMSA

Malama, sannu da ƙoƙari. Abubuwa uku ne suka fi kawo wannan, kuma ɗanki zai iya rarrabe su a bakin hanya, in ya tafi da sifanar fulogi. Da zarar babur ya mutu, kada ya jira ya huce. Ya fara buɗe murfin tanki. In ya ji iska ta shiga, fuu, kuma babur ya tashi nan take, to 'yar ƙofar iskar da ke jikin murfin ce ta toshe, mai ya kasa sauka. In ba haka ba ne, ya rufe tankin, ya cire fulogi da tsumma don zafi, ya gwada wuta kamar yadda muka bayyana. In babu wuta da zafi amma tana dawowa in an huce, to siririyar wayar da ke cikin babban koyil, ko koyil ɗin sanarwa, ko na cikin magneto ta tsinke, zafi yana buɗe tsinkewar, sanyi yana haɗe ta. A nan ne sayen sabo ya halatta, amma a ari na wani babur irinsa a gwada ɗaya bayan ɗaya kafin a fitar da kuɗi. In kuwa akwai wuta kuma akwai mai, to a duba bawul, mai yiwuwa ya matse su da yawa, ƙarfe kuwa in ya yi zafi yana ƙara tsawo.

Ki kuma ce masa ya riƙa karanta bakin fulogi. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai gari kamar kunkunniya, mai ya yi yawa, ko cok a rufe, ko matacin iska ya cika da ƙurar hunturu. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, sai dai a babura masu shan fetur haɗe da baƙin mai, irin su Suzuki AX100, ɗan maiƙo ba abin tsoro ba ne. Fari fat kuwa, inji yana zafi fiye da kima, a binciki kafireta da wuri. Fetur ɗin da aka gauraya da kananzir shi ma yana ɓata fulogi, a lura da inda ake sayen mai.

GARGAƊI GA KOWA DA KOWA

Jama'a, gwajin wuta wasa ne da tartsatsi kusa da fetur. Kada a yi shi cikin ɗaki ko kusa da rumbu, ko inda aka tara kara da harawa, ko kusa da murhu. A goge duk fetur ɗin da ya zube, a jira ya bushe, a ajiye bokitin yashi kusa, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Kada a riƙe wayar fulogi da hannu. Kada a yi ta buga kiki makulli a buɗe alhali fulogi yana rataye bai taɓa ƙarfe ba, wutar da ta rasa wurin zuwa tana iya lalata koyil ko CDI. Kada kuma a bar inji yana aiki cikin rufaffen zaure, hayaƙinsa yana da guba wadda ba a gani, tana kisa.

Ga wanda bai kwance nasa ba tukuna, ga shawara. Ɗauki hoton kowane mahaɗin waya da wayar salula kafin ka zare. Zuba notunan kowane sashe a gwangwaninsa daban. Gwada wuta ka ga irin ƙarfinta kafin ka fara, don ka san abin da za ka tarar in ka gama. Kada kuma ka fara aikin ana jibi kasuwa, ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa ka bi duk matakan nan wuta ba ta samu ba, to lokacin zuwa wurin bakanike ya yi, kuma ba abin kunya ba ne. Nemi mai na'urar auna lantarki, ka gaya masa abin da ka gwada da abin da ka gani ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, hawan babur kansa ya zama abin lissafi, balle a ƙara da sayen kayan da ba su ne suka lalace ba. Wanda ya je gareji ya ce, akwai wuta a waya amma babu a fulogi, ya fi wanda ya ce, ga shi nan ya ƙi tashi, saurin fitowa da sauran kuɗi a aljihu.

A nan za mu dakata. Masu tambaya a kan batir da ba ya riƙe caji da fitilar da ke yawan ƙonewa, wasiƙunku sun iso, za mu amsa su a fitowa ta gaba. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, kuna faɗin irin babur ɗin da abin da aka taɓa a jikinsa.